Bangon da Ya Shekara a Tsaye

Chizuru jikata, fara rubuta sunansa, kada mu yi nisa na manta. Kuramochi Tomekichi. A bayan idonsa Tome muke cewa, a gabansa kuwa Maigida. Shekara ashirin da shida na yi ina ɗaukar masa katako a gidan majalisa, shi yana gaba da ma'auni a kafaɗa, ni ina baya ina haki.

Mutumin Takayama ne, can cikin duwatsu, auta a gidan kafintoci. Ubansu ɗakunan ibada yake ginawa, irin waɗanda ba a sa musu ƙusa ko ɗaya, su yi shekara ɗari uku ko tari ba su yi ba. Wansa Shinroku shi ya gaji aikin. Tome ya ga babu wurinsa, sai ya gangaro Tokyo, ya samu shiga wurin ɗan kwangilar da ke kula da katakon majalisa. Gajere ne, ga kai kamar tulu, kullum da fensir a bayan kunne. Ba ya shan giya sai ran Asabar, ba ya zagi sai in an taka masa katako da takalmi.

Aikinmu kuwa, ture bango. Bayan babban zauren nan da kike gani a talabijin akwai ɗakunan da jam'iyyu ke zama su sha shayi su yi gulmar juna. Faɗin ɗakin kowace jam'iyya gwargwadon yawan mutanenta ne. In ta ƙaru a tura bango gaba, in ta ragu a jawo shi. A awonmu kowane ɗan majalisa tabarma uku ne, da mai tumbi da siriri duk ɗaya.

Da fari aikin barci ne. Jam'iyya ɗaya ke mulki, bangayen duk tsofaffi ne da muka tarar, sai an yi zaɓe mu ɗan matsa su kaɗan. Sauran kwanaki mu sa wa ƙyaure mai, mu gyara ƙafar kujera. Har tumbi na ajiye, tambayi kakarki. Sai babbar jam'iyyar ta fashe kamar an yar da kwano, aka shiga gwamnatin haɗin gambiza. Yau biyar sun haɗu, gobe biyu sun yi fushi, jibi ɗaya ta haihu. Tsofaffin bangaye suka kasa, Tome ya koma gina sababbi da falanki da ƙusa. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu wata huɗu ya yi. Wanda ya fi saurin mutuwa kuwa, da safe muka kafa shi, muka je cin taliya, kafin mu dawo sun shirya.

Ni dai kin san ban yi makaranta ba, yaƙi ya ci rabi, jirgin kamun kifi ya ci sauran. A wannan zamanin kuwa ni na fi kowa hutawa, don masu karatu kullum sai sun tsaya haddace sabon allo a bakin ƙofa. Ni da hanci nake gane su. Akwai Masu Taba, manyan 'yan adawa, ɗakinsu ba ka ganin rufi don hayaƙi. Akwai Masu Lemo, su tara ne rak, shugabansu daga Wakayama yake, garin lemo, kwali-kwali ake aiko masa. Akwai Masu Man Zafi, tsofaffi ne duka, gwiwa ta gama. Ko sau nawa suka sake suna, warin yana nan.

To ana cikin haka uban Tome ya kwanta ciwon ajali, yana da shekara casa'in da huɗu. Tsohon bai taɓa zuwa Tokyo ba, amma ya sha ganin ɗansa a talabijin, firaminista na magana, shi kuma yana wucewa ta baya da bango a ka. Da aka taru a kansa sai ya nuna gizagonsa. Gizagon nan tun na kakan kakansu ne, ƙotarsa ta yi baƙi ƙirin don hannu. Ya ce, “Wannan a ba Tome, ran da wani abin da ya gina ya shekara a tsaye.”

Tome ya ce min kowa a ɗakin ya yi dariya, har tsohon. Shinroku ne kawai bai yi ba, don shi tun da aka haife shi ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Bayan an gama makoki Tome ya miƙa hannu zai ɗauka, wan ya riƙe.

“Yaya, wasa fa Baba yake yi.”

“Ni ban ji ya ce wasa ba.”

“Kana da gizago uku!”

“Huɗu yanzu. Ka je ka gina abin da zai shekara.”

Ya dawo Tokyo kwana uku ba ya cin abincin rana. Ga shi saura masa shekara ɗaya da 'yan kwanaki ya yi ritaya, ƙarshen Maris na baɗi. Rana ta huɗu ya ce min, “Heisaku, bango ɗaya ya rage min a duniya.”

A makon aka kafa sabuwar gwamnati, jam'iyya biyar, rinjayenta kujera biyu kacal, Masu Lemo na ciki. Aka ce mu raba ɗakinsu da na Masu Taba. Tome ya ƙi taɓa falanki. Ya sa aka sauko masa da katakon hinoki daga garinsu, irin itacen da ake gina ɗakunan ibada da shi, ya yi kwana tara yana fiƙewa yana sassaƙa, kowane allo ya shige cikin ɗan'uwansa ya kulle. Ƙusa ko ɗaya babu. Abin da ya riƙe bangon duka wani ɗan turken katako ne kamar ƙaramin yatsana, a ɓoye can ƙasa, daga ni sai shi muka san wurin. Muka gama ran ashirin ga Maris, ƙarfe uku na rana. Ya buga wa wansa waya ya gaya masa. Shinroku ya ce, “Ƙarfe uku. Na rubuta.”

Daga ranar ƙasar nan ba ta da mai son gwamnati kamar Tome. Mutumin da ko sunan firaministan ba ya iya faɗa daidai! In ya ji an ce jam'iyyun haɗaka sun yi cacar baki, sai ya ajiye aiki ya tafi jin labari. Wata rana biyu daga cikin shugabanninsu suka shiga wani ɗaki suna huci, za su raba gari. Tome ya zagaya ya cusa ɗan katako a ƙarƙashin ƙyauren. Awa biyu suna bugu muna cewa, “Ku yi haƙuri, sensei, damina ce, katako ya kumbura.” Sensei muke ce wa kowane ɗan majalisa. Da muka buɗe, mun tarar sun gaji da faɗa suna raba lemo ɗaya.

Amma babban ciwon kanmu Warabino sensei ne, ɗaya daga cikin Masu Lemo. Sau bakwai yana sauya sheƙa. Shi ba ya ma ajiye kaya a ɗaki, kofin shayinsa da matashin zamansa kullum suna ƙunshe a ƙyalle ƙarƙashin tebur, a shirye. Yana da mabiya biyu, duk inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Su uku, tabarma tara ke nan, kuma in sun tafi rinjaye ya tafi. Tome ya rene shi kamar jariri. Ya mayar masa da tebur bakin taga inda rana ke shigowa. Ya ƙara wa kujerarsa auduga. Kullum da safe sai ya leƙa.

“Sensei, an tashi lafiya? Kujerar ba ta cizo?”

“Kafinta, kai kaɗai ka san darajata a gidan nan.”

“Ai wuri ya karɓe ka, ranka ya daɗe. Mutum kamarka ina shi ina yawo?”

Haka muka lallaɓa, bazara ta wuce, damina ta wuce, aka yi sanyi. Saura kwana goma sha biyu shekara ta cika, sai Tome ya yi wautar da ya fi kowa sanin bai kamata ba.

'Yan jaridan majalisa sun daɗe da gano cewa kafin a sanar da kowace ɓaraka, sai an turo kafinta ya yi awo a asirce. Saboda haka ba bakin 'yan siyasa suke kallo ba, kafaɗar Tome suke kallo. In ma'auninsa ya sauko, an samu labari. Shi ya sa shekarar nan duka ko kusa da bangon ba ya zuwa da shi. To sai Shinroku ya aiko da kati, wai kafin ya sayi tikitin jirgin ƙasa a aiko masa da tsawo da faɗi, kada ya zo ya tarar da murfin akwati ake kira bango. Zuciya ta ɗebi Tome. Na ce, “Maigida, ai ka san awon a ka.” Ya ce, “So nake na rubuta masa har da kaurin gashi.” Ya durƙusa ya ɗora ma'auni. Sai muka ji ƙyas! Wani ɗan jarida mai kunnuwa kamar faranti ya ɗauki hoto ya ruga.

Kafin la'asar jaridun yamma sun fito, wai wani zai fice daga Masu Lemo. Ina cikin ɗakin ina goge taga lokacin da aka kawo wa Warabino sensei. Ya karanta, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

“Wa zai fita?”

Kowa ya ce ba shi ba.

“To in ba ku ba ne, ni ne ke nan. Wa ke fita a gidan nan in ba ni ba? Kuma a ce sai a jarida zan ji!”

Ya sunkuya ya jawo ƙunshinsa. Tome ya shigo a guje har fensir na faɗuwa. “Sensei, wana ne! Wana nake auna wa!”

“Wanka ma yana ciki? Wace jam'iyya yake?”

Ya fita, mabiyansa na biye, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ya daɗe yana nazari, kuma don kishin ƙasa ya koma wurin Masu Taba.

Washegari takarda ta zo: a matsa bango tabarma tara. Tome ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, yana ɗagowa sai ya ƙwalla ƙara, “Wayyo bayana!” ya zube. Ni na goya shi har mota. A hanya yana raɗa min a kunne, “Yi a hankali, Heisaku, za ka karya min bayan gaske.”

Ɗan kwangila ya turo wasu kafintoci uku. Suka yini suna shafa bango suna neman kan ƙusa. Babbansu ya ƙwanƙwasa, ya sa hanci ya shaƙa, sai ya cire hula. Aka ce su sa zarto mana. Ya ce, “Ni ma ɗan kafinta ne. In na yanka wannan, da wane ido zan je kabarin ubana?” Suka kwashe kayansu. Aka kira ni ofis.

“Heisaku, kai ka riƙe masa katakon. Ta ina ake kwance shi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni da ko sunana aka rubuta a bangon ba zan gane ba?”

Shi kuwa Warabino sensei, ya je ɗakin Masu Taba ya tarar a cike maƙil. Suka yi masa maraba, suka yi hoto, suka ce kujera kam sai bango ya matsa, don babu dattijon da zai tashi wa mutumin da ya kira su kuraye makon jiya. Ɗakin Masu Lemo kuma ba fuskar komawa. Sai ya shimfiɗa matashinsa a baranda, daidai tsakanin ƙofofin biyu, mabiyansa ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ga iskar Maris tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mai goge ƙasa, wata tsohuwa Okiku, kullum sai ta ce, “Sensei, ɗaga ƙafa.” Ya ɗaga. “Ɗayar.” Ya ɗaga. Har mura ta kama shi. Ita kuma gwamnati ta ƙi faɗuwa ta ƙi tsayuwa, kowa na jiran ya ga inda za a zauna tukuna.

Ran sha tara ga wata haƙurin manya ya ƙare. Suka nemo wasu masu rusa gidaje, waɗanda ba ruwansu da kabarin kowa, aka ce gobe ƙarfe tara za su zo da zarton lantarki. Na je na gaya wa Tome, na same shi kwance yana cin gyaɗa. Ya ƙirga da yatsu, daga tara zuwa uku awa shida.

“Ka roƙi Yaya mana,” na ce. “Awa shida a cikin shekara?”

“Shinroku? Mutumin da ya mayar da amaryarsa gida don an kawo ta kafin lokaci?”

Ya ƙara jefa gyaɗa a baki. Can ya ce, “Je ka ce musu na ji sauƙi. Gobe da kaina zan kwance, ba sai an ɓata katako ba.”

Ƙarfe tara daidai ya bayyana a bakin doguwar barandar, da sanda, ya ɗaure ƙugu da farin ƙyalle. Masu zarto na tsaye, babban jami'in gini na tsaye, Shinroku ma ya iso tun da jirgin farko, yana zaune gaban bangon a miƙe kamar an haɗiye masa sanda, gizagon a ƙunshe a cinya, agogo a hannu. Daga inda Tome yake zuwa bangon bai fi taku ɗari da hamsin ba.

Ya ɗaga ƙafar dama. Ya tsaya da ita a sama. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya sauke ta gaba da faɗin yatsa uku. Ya yi nishi.

Kin san tafiyar saniya, wadda 'yan adawa ke yi in suna so su ja lokaci, a kira mutum jefa ƙuri'a ya yi awa guda bai kai akwati ba. Shekara da shekaru Tome na kallonsu ta ƙofar baya. Ashe koyo yake yi.

Jami'in gini ya ce, “Kuramochi, wannan ai tafiyar saniya ce!”

“Ciwon baya ne, ranka ya daɗe.”

“A kawo keken marasa lafiya!”

“Likita ya ce in na zauna ba zan ƙara tashi ba.”

“To a ɗauke shi!”

Okiku ta gitta sandar gugarta. “Ku taɓa shi ya karye a hannunku, ni ce shaida.”

Kafin sha ɗaya baranda ta cika. Masu Taba suka fito da tabarsu, Masu Man Zafi suka jawo kujeru. Ba wanda ya san dalilinsa, amma duk gidan babu wanda bai taɓa yin tafiyar nan ba, kuma sun ga gwani. Wani tsoho cikinsu har da share hawaye, yana cewa, “Dubi yadda yake jan diddige! Yaran yanzu ina za su iya?” Wani ya ce a ba shi takara. Da Tome ya zo daidai matashin Warabino sensei, wajen ƙarfe ɗaya, sai sensei ya fyace hanci ya ce ƙasa-ƙasa, “Kafinta, kana sauri. Tsaya ka gyara igiyar takalmi, tana cin minti goma.” Shi da ake wa aikin don ya samu kujera! Abin ne a jininsa, bai iya gani ya yi shiru ba.

Masu zarto suka ci abincin rana suka yi barci a jingine. Ni ina gefensa da ruwa da tawul. Ƙarfe biyu ya raɗa min, “Heisaku, fitsari.” Na ce, “Riƙe shi, Maigida, gizagon kakan kakanka ne.” Wajen biyu da rabi bayan ya fara ciwon gaske, nishin da yake yi daga nan duk na gaskiya ne.

Saura taku ɗaya, ya tsaya da ƙafa a sama yana rawa kamar zakara a ruwa, idonsa a kan wansa. Shinroku na kallon agogo. Ya ɗaga kai ya ce, “Uku.”

Tome ya sauke ƙafa. Wan ya tashi, ya bi bangon da tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa gefensa.

“Allo na huɗu ya fi sauran duhu.”

“Haka itacen ya zo, Yaya.”

“Baba da ya juya shi.” Sai ya miƙa masa ƙunshin da hannu biyu. “Riƙe da kyau. Kada ka sare ƙafarka.”

Tome ya karɓa ya rungume. Hancinsa ya yi ja. Ya ba ni riƙo, ya ce kada na kuskura na numfasa a kai, ya tafi bayi da gudun da ya ba jami'in gini mamaki. Da ya dawo ya durƙusa, ya zare ɗan turken nan da yatsa biyu. Allunan suka saki juna ɗaya bayan ɗaya, muna karɓa muna jerawa, ko minti ashirin ba a yi ba.

To kin ga ɗaki ya zama ɗaya. Masu Lemo shida suna zaune da ɓawo a gabansu, Masu Taba suna kallonsu ta cikin hayaƙi, shekara guda ba su ga juna ba sai a zaure. Shugaban Masu Lemo ya rasa abin yi, sai ya miƙa kwali ya ce, “Ku taɓa mana.” Wani ya miƙo masa taba. Muna tattara ma'auni za mu kafa bangon a sabon wuri, sai aka ce mu dakata. Kafin a tashi aiki sun sanar sun haɗe, su za su kafa sabuwar gwamnati, ba a bukatar bango. Sharaɗi ɗaya kowane ɓangare ya kafa, kuma iri ɗaya ne: ban da Warabino. Mabiyansa biyu suka ce sun daɗe suna nazari, suka shige ciki. Aikin Tome na ƙarshe kafin ritaya shi ne ya kewaye wa sensei tabarma uku da falanki a ƙarshen baranda, kusa da bayi. Ya sa masa 'yar taga.

Allunan hinoki kuwa ba wanda ya tambaya, Tome ya sa su a mota ya tafi da su Takayama. Gidan gado ɗaki ɗaya ne babba, matan duka sun rasu, ga tsofaffi biyu, Shinroku na minshari, Tome na son rediyo. Sai ya kafa bangon a tsakiya. Na je na gani sau biyu. Gizagon na rataye a ɓangaren Tome, kullum da safe sai ya shafa masa mai, ya fita ya sassaƙa ko guntun icen wuta ne, da ƙarfi, don a ji ta ɗaya gefen. Allo na huɗu kuma ya juya shi.

Shekara goma sha huɗu ya yi a haka kafin ya rasu. Bangon yana nan, jikan Shinroku ya ce sun so su cire su faɗaɗa ɗakin, sun rasa ta inda ake kwancewa. In sun sake bugo waya, Chizuru, ki ce musu ina barci.